Yadda Kwamfuta Ke Zana Hoto Kafin Ƙiftawar Ido

Duk wanda ya bi ta Kakuri ko Barnawa ko Sabon Tasha da la'asar, bayan an tashi daga makaranta, ba zai rasa ganin 'yan shagunan nan da samari ke cikawa maƙil suna buga ƙwallon ƙafa a cikin akwatin talabijin ba. Iyayenmu suna kiran abin ɓata lokaci, kuma sau da yawa gaskiyarsu ce. Amma ni wani abu dabam ne ya tsaya mini a rai wata rana da na leƙa. Na ga ɗan wasa ya ɗauko ƙwallo yana gudu, rigarsa tana kaɗawa, inuwarsa tana binsa a kan ciyawa, ga 'yan kallo sun cika fili suna tsalle. Sai na tuna cewa ba a taɓa buga wannan wasa a ko'ina cikin duniya ba, balle a ce wani mai ɗaukar hoto ya ɗauko shi. Shi kansa yaron da ke wasan bai san inda zai harba ƙwallon ba sai da ya harba. Ashe ke nan hoton da nake kallo a nan take ake ƙirƙiro shi, a share, a sāke wani, ba tare da idona ya ga lokacin da aka yi canjin ba.

To, yaya ake yin haka? Abin da nake so in ɗan bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu ke nan, gwargwadon abin da na fahimta.

Da farko dai sai mu san mene ne hoto a wurin kwamfuta. Wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin hula ya riga ya san rabin amsar. Mai ɗinkin hula ba ya shafa launi a kan ƙyalle, sai dai ya yi ta soka allura gida-gida, wannan gida ja, wancan baƙi, har idan ka ja da baya ka ga zane ya fito. Haka fuskar talabijin da ta wayar hannu suke. An jera ɗigo-ɗigo ne ƙanana ƙwarai, layi bisa layi, kuma kowane ɗigo yana da 'yan fitilu uku a cikinsa, ja da kore da shuɗi. Ana ba kowace fitila lamba daga 0 zuwa 255, watau daga duhu zuwa cikakken haske. Idan aka haɗa ukun ana iya samun launi iri dabam-dabam har 16,777,216. Saboda haka a wurin kwamfuta hoto jerin lambobi ne kawai, kuma zana hoto shi ne a lissafo lambar da ta dace da kowane ɗigo.

A nan ne wahalar take. Talabijin irin na zamani da ake gani a gidajen kallo yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye. In ka ninka su za ka sami 2,073,600. Bari mu ɗauka an ba wani ɗalibi aikin cike waɗannan ɗigogi, yana cike ɗaya a kowane sakan, ba barci, ba cin abinci, ba salla, ba zuwa coci. A kwana ɗaya akwai sakan 86,400. Da na raba sai na ga abin ya faɗa daidai ba saura: kwana 24 cur zai yi kafin ya gama hoto guda. Ita kuwa na'urar wasan nan sau 60 take cike su a cikin sakan ɗaya, watau ɗigo sama da miliyan 124. Dalilin wannan gaggawa kuwa shi ne idon ɗan Adam. Idan hotuna suna wucewa da sauri sai ido ya ɗauke su kamar motsi ne. Majigi yana nuna hoto 24 a sakan. Talabijin irin na da, wanda aka fara kallo a Kaduna a 1962 lokacin da aka buɗe tashar talabijin ta Jihar Arewa, yana nuna hoto 25 a sakan, kowanne da layi 625. Amma shi wancan abin da kyamara ta ɗauko ne yake maimaitawa. Ita kwamfuta ba ta da abin kwafa, dole ta lissafo.

Mutane da yawa suna zaton saurin duk daga ƙarfin injin yake. Ƙarfin inji yana da nasa rabo, amma in ka bi tarihin abin za ka tarar mafi yawan nasarar daga dabaru biyu ta fito: rage aiki, da raba aiki. Masanan da suka yi suna a wannan fanni, yawancinsu sun yi sunan ne don sun gano aikin da za a iya tsallakewa ba tare da ido ya lura ba.

Mu fara da abu mafi sauƙi, watau miƙaƙƙen layi. A aji mun saba da cewa in za a ja layi a takardar giraf sai an yi ninkawa da rabawa, a sami ɓarɓashin lamba. Kwamfutocin farko kuwa ninkawa da rabawa suna cin lokacinsu ainun. A 1962 wani ma'aikacin kamfanin IBM a Amurka, Jack Bresenham, ya gano yadda za a ja layin da tarawa da ɗebewa kaɗai. Kowa na iya gwadawa. A ce layin zai yi gaba gida 10, ya hau sama gida 4. Ka fara da 5 a hannunka, watau rabin 10. Duk takun da ka yi gaba sai ka ƙara 4. In abin hannunka ya kai 10 ko ya wuce, sai ka hau sama gida ɗaya ka ɗebe 10. Taku na farko kana da 9, ba ka hau ba. Na biyu 13, ka hau, saura 3. Na uku 7. Na huɗu 11, ka hau, saura 1. In ka ci gaba za ka ga ka hau a taku na 2 da na 4 da na 7 da na 9, kuma in ka ɗora rula a kai za ka tarar ɗigogin sun bi layin sosai. Ni da na gwada a bayan littafin lissafina na yi mamakin yadda abin da ɗan aji uku na firamare zai iya ya zama tushen babban ilimi. Shekara guda bayan haka, a 1963, wani ɗalibi mai suna Ivan Sutherland ya nuna wani shiri da ya kira Sketchpad, wanda mutum ke zane a fuskar kwamfuta da wani irin alƙalami mai ganin haske. Daga baya ya koma Jami'ar Utah yana koyarwa, kuma daga wannan jami'a ce yawancin dabarun da zan ambata nan gaba suka fito.

Layi kaɗai ba ya yin mutum. Domin a gina abu mai jiki, kamar mota ko ɗan wasa, sai a rufe shi da alwatika ƙanana masu ɗimbin yawa, gefen wannan manne da gefen waccan, kamar yadda ake haɗa 'yan ƙyallaye a ɗinka ƙwallo. An zaɓi alwatika ne don kusurwa uku gare ta, kuma kusurwa uku kullum a shimfiɗe suke, ba sa lanƙwasa. Shi ya sa kujera mai ƙafa uku ba ta rawa ko a kan ƙasa mai gargada. Kowace kusurwa lamba uku ce: nisanta zuwa dama, zuwa sama, da zuwa ciki. In ana so ɗan wasa ya juya, ba a sāke zana shi, sai a bi lambobin nan a yi musu lissafin kwana, irin wanda muke kuka da shi a darasin lissafi muna cewa ba mu ga amfaninsa ba. In kuma ana so abin da ke nesa ya ƙanƙance, sai a raba da nisansa. Shi ke nan.

Daga nan sai rage aiki ya shigo. Duk abin da ke bayan mai kallo ba a zana shi. Duk alwatikar da ta juya wa mai kallo baya, kamar ta ƙeyar mutumin da ke fuskantarka, ita ma a watsar, kuma wannan kaɗai ya kan kawar da kusan rabi. Saura matsalar abin da ke kare wani. In mai tsaron gida ya tsaya gaban raga, yaya kwamfuta za ta san shi za ta nuna ba ragar da ke bayansa ba? Wata hanya ita ce a yi kamar mai fenti, a fara shafa na nesa sa'an nan a bi da na kusa a rufe. Amma jera dubban abubuwa bisa ga nisansu aiki ne babba. A 1974 Edwin Catmull, ɗalibi a Utah, ya bayyana wata hanya mai sauƙi: kowane ɗigo ya riƙe lamba ɗaya ta ƙari, watau nisan abin da aka shafa masa a ƙarshe. In sabon abu ya zo sai a tambaya, ya fi na da kusa? In ya fi, a shafa. In bai fi ba, a wuce. A wancan zamani ma'ajiyar kwamfuta tana da tsada ƙwarai, don haka aka ga dabarar kamar almubazzaranci ce. Da ma'ajiya ta yi araha sai ta zama ita ce ake amfani da ita kusan ko'ina, har cikin wayar da ke aljihunka.

Sai batun haske. Idan aka shafa wa kowace alwatika launi ɗaya, fuskar mutum sai ta fito da kaifi-kaifi kamar an sassaƙa ta da gizago. A 1971 wani Bafaranshe, Henri Gouraud, ya ce a lissafa haske a kusurwoyi ukun kawai, sa'an nan a gauraya launin a hankali a tsakaninsu. Lissafi uku ke nan maimakon ɗaruruwa, ido kuma ya ga abu sumul. Bayansa wani ɗan ƙasar Biyetnam, Bui Tuong Phong, ya ƙara yadda za a fito da ƙyallin nan da ake gani a jikin sabuwar mota ko goshin mai gumi. Wani abin dariya shi ne, a 1975 wani daga cikinsu, Martin Newell, yana neman abin da zai riƙa gwada waɗannan dabaru a kansa, sai ya auna butar shayin gidansa ya shigar da lambobinta cikin kwamfuta. Butar nan ta zama zakaran gwajin dafi a wannan fanni shekara da shekaru, har ta kai an ajiye ta a gidan tarihin kwamfuta a Kalifoniya.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce wadda ta yi kama da sana'ar unguwarmu. Kakana ya yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, kuma ya sha ba mu labarin zamanin da jiniya ke kaɗawa mutane su yi ta kwarara kan kekuna kamar an buɗe dam. An buɗe masaƙar KTL a 1957 zamanin Sardauna, aka kafa UNTL a 1964, wasu kuma suka biyo, har Kaduna ta zama cibiyar saƙa a ƙasar nan kafin abubuwa su lalace, a rufe KTL a 2002. Abin da ya bayyana mini game da buga atamfa shi ne, mai zane ba ya zana turmi guda daga farko har ƙarshe. Ɗan yanki ɗaya yake zanawa da hannu, ya ɓata kwanaki a kansa, ya tabbata bakin dama ya dace da bakin hagu. Sa'an nan a sassaƙa zanen a jikin wani gungumen ƙarfe mai juyawa, kowane launi da nasa. Farin yadi ya yi ta wucewa ƙarƙashinsu, zane ɗaya ya yi ta maimaita kansa, turmi bayan turmi. To, haka ciyawar filin wasan nan take. Ba a zana ganye ɗaya-ɗaya ba. An ɗauki ɗan hoton ciyawa ne guda aka yi ta shimfiɗa shi a kan manyan alwatika. Rigar ɗan wasa da lambar bayansa da fuskarsa, duk zane ne shimfiɗaɗɗe aka naɗe a jikin gunkin alwatika, kamar yadda tela ke ɗaura yadi a jikin mutum-mutumi. Shi ma wannan Catmull ne ya fara bayyana shi a 1974. Dangantakar saƙa da kwamfuta ma ta girmi haka, gama tun wajen 1804 Joseph Jacquard na Faransa ya yi masaƙa mai karanta zane daga kwalaye masu huji, kuma irin waɗannan kwalaye aka riƙa ba kwamfutoci umarni da su har cikin shekarun 1970.

Akwai kuma wayon nesa da kusa. Ɗan wasan da ke gabanka an gina shi da alwatika dubbai, amma 'yan kallon da ke can saman fili kaɗan aka ba su, wani lokaci ma hoto ne fale-fale kamar kwali. In ka ƙura musu ido za ka ga mutum ɗaya ya bayyana a wuri goma da riga dabam-dabam. Ba wanda ke ƙura musu ido, shi ya sa wayon ke ci.

Duk waɗannan dabaru na sauri ne, ba na gaskiya ba. Madubi da gilashi da ruwa suna ba su wuya, don ba sa bin haske yadda yake tafiya. Tun kusan shekara dubu da suka wuce, malamin nan Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra ya yi zama a Alƙahira, ya tabbatar a littafinsa Kitabul Manazir cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido, saɓanin masu cewa ido ne ke fitar da haske. Amma in kwamfuta ta ce za ta bi kowace kibiyar haske daga fitila, aikin banza zai yi yawa, domin mafi yawansu ba sa zuwa idon kowa. Sai masana suka juya abin. A harba kibiya daga ido ta ratsa kowane ɗigo, a ga abin da ta fara bugu. In madubi ne ta karkata ta ci gaba, in gilashi ne ta ratsa, in bango ne a duba ko fitila na ganin wurin ko inuwa ce. Watau ra'ayin da malamin ya rushe shi ne ya fi sauƙin lissafi, ko da yake dokokin da ake bi nasa ne. Turner Whitted ya nuna wannan hanya a 1980 da hoton ƙwallayen gilashi a kan dabe mai gida-gida. Hoton ya yi kyau har mutane suka riƙe baki, amma ya ci fiye da awa ɗaya a babbar kwamfuta.

Masu shirya fim suna iya jira, tun da ba a gabanka suke zanawa ba. Toy Story, wanda ya fito a 1995, shi ne dogon fim na farko da aka zana gaba ɗaya da kwamfuta. Hoto 114,240 ke cikinsa, kuma an ƙiyasta ya ci awa 800,000 na aikin inji. In ka raba za ka ga kowane hoto ya tashi a kan wajen awa 7. Da kwamfuta ɗaya aka sa, da sai ta shekara 90 da ɗoriya. Sai aka jera guda 117 suna yi tare dare da rana.

Wannan ya kawo mu ga dabara ta biyu, raba aiki. Manomi ɗaya, kome ƙarfinsa, ba zai nome babbar gona a yini ɗaya ba, amma in aka kira gayya kafin azahar an gama, domin kunyar da nake nomewa ba ta jiran taka. Haka ɗigon hoto yake: lissafin wannan bai dogara da na wancan ba. Saboda haka maimakon a bar wa babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta aikin ita kaɗai, sai aka ƙera wata ta musamman mai ɗauke da ƙananan ma'aikata masu yawa, kowanne bai iya kome ba sai tarawa da ninkawa, amma duk a lokaci ɗaya suke yi. Ita ake kira GPU. Kamfanin Nvidia ne ya yayata wannan suna a 1999 da ya fito da GeForce 256. Wadda ya fitar a 2022, mai suna RTX 4090, tana da irin waɗannan ma'aikata 16,384. Tun 2018 kuma aka fara sa musu sashe na musamman don bin kibiyar haske, har abin da ya ci wa Whitted fiye da awa ya zama ana yin irinsa sau da yawa a cikin sakan ɗaya. Ko a nan ma ba a bar wayo ba. Sau da yawa kibiyoyi kaɗan ake harbawa, hoton ya fito da ƙura-ƙura, sa'an nan a sa wani shiri ya share ƙurar ya cike gurbin da hasashe.

Kalmar nan hasashe ita ce ƙofar sabon babi, wanda ya sa na ga ya kamata iyayenmu ma su san wannan magana. Duk abin da na faɗa a baya, mutum ne ke gina gunkin, ya ɗaura masa zane, ya kafa fitila, kwamfuta ta yi lissafi. Amma masu binciken ƙirƙirarriyar basira sun lura cewa GPU ɗin nan ta 'yan wasa ta dace da nasu aikin, tun da shi ma tarawa da ninkawa ne masu yawan gaske. Daga 2022 sai ga shirye-shirye irin su DALL-E 2 da Midjourney da Stable Diffusion sun shiga hannun jama'a, waɗanda za ka rubuta musu jimla ɗaya su ba ka hoto. A cikinsu babu alwatika, babu fitila.

Ga yadda ake koya musu. Ku tuna da hazon hunturu, yadda in ka tsaya a kan gadar kogin Kaduna da safe ba ka iya ganin ƙetare sosai, amma da yake ka san garin, kana iya cewa wancan duhun bishiya ce, wancan gini ne. Ana ɗaukar hotuna miliyoyi ɗari-ɗari daga intanet, kowanne da 'yan kalmomin da ke bayyana shi. Sai a riƙa zuba wa hoto hazo kaɗan-kaɗan har ya ɓace, ana tambayar na'urar ta faɗi hazon da aka zuba don a cire. In ta kuskure a gyara mata lambobinta. Bayan an yi haka sau ba adadi sai ta gwanance da share hazo. Ranar aiki kuwa sai a ba ta hazo zalla wanda babu kome a bayansa, a ce mata akwai doki a ciki. Sai ta shiga sharewa, taki bayan taki, tana fito da abin da ya yi kama da dawakin da ta saba gani, har doki ya bayyana wanda ba a taɓa haifa ba. A 2020 wannan sharewa tana ɗaukar taki 1,000. Aka yi ta rage shi ya koma 50, ya koma 20, kafin ƙarshen 2023 an fito da masu yi a taki 1 zuwa 4. Masu Stable Diffusion kuma, waɗanda suka haɗa da masana na wata jami'a a Munik ta Jamus, sun ƙara wani wayo: ba a kan cikakken hoton ake sharewar ba, a kan taƙaitaccensa ne mai gida 64 sau 64, sai an gama a buɗe shi ya zama ɗigo 512 sau 512. Rage aiki dai har wa yau.

Amma fa na'urar abin da ta gani kaɗai ta sani, kuma hotunanmu ba su da yawa cikin abin da aka nuna mata. Na taɓa roƙon wani irin wannan shiri a wayar yayana ya zana mini dattijo Bahaushe a bakin kasuwa. Cikin 'yan sakan ya kawo dattijo kyakkyawa, amma rawaninsa na wata ƙasa ne, aikin wuyan rigarsa ba aska takwas ba ne ba kuma wani ɗinki da na sani ba, rubutun allon shagon da ke bayansa kuwa ba Hausa ba ne, ba Turanci ba, ba ajami ba. Kakana da ya duba sai ya yi dariya ya ce a masaƙarsu da wanda ya kawo wannan zane ya sha faɗa. Duk da haka sai da ya riƙe wayar ya daɗe yana kallo, don shi ya san kwanakin da zane ɗaya ke ci.

Inda abin ya zama abin tsoro shi ne wajen hoton ƙarya. A da, haɗa hoton ƙarya sai gwani, sai lokaci. Yanzu kowa na iya yi kafin shayi ya huce. A watan Maris na 2023 hoton Paparoma Francis sanye da wata farar rigar sanyi mai kumburi ya zagaya duniya, mutane da yawa suka gaskata, alhali da Midjourney aka yi shi. Wannan bai cuci kowa ba. Amma a watan Mayu na shekarar aka yaɗa hoton hayaƙi wai bam ya tashi kusa da hedkwatar tsaron Amurka, har farashin hannun jari ya ɗan faɗi na 'yan mintoci kafin a gane ƙarya ce. Mu mutanen Kaduna ba ma bukatar a gaya mana abin da jita-jita ke iya haifarwa. Iyayenmu da suka ga rikicin 2000 da na 2002 sun san yadda magana ɗaya ke ƙetare gada kafin a tantance ta, kuma a lokacin babu hoto a haɗe da ita.

A 2022 da 2023 ana gane irin waɗannan hotuna ta wajen yatsu, don sau da yawa sukan fito shida ko su narke cikin juna, da kuma rubutu marar ma'ana. Sababbin shirye-shiryen sun gyara yawancin wannan, saboda haka duban yatsu bai isa ba. Abin da ya fi amfani shi ne a tambayi asalin hoton. Wa ya ɗauka, a wace unguwa, wace rana? In da gaske abu ya faru a Kasuwar Barci ko a tashar Television, ba mutum ɗaya ne zai ɗauka ba, za a ga hotuna da yawa daga kusurwa dabam-dabam, gidajen rediyo kuma za su faɗa. Ana iya sa hoton cikin Google Lens a ga inda ya fara fitowa da shekarar da ya fito, domin wani lokaci hoton na gaske ne amma na wata ƙasa ne ko na shekara goma da suka wuce. Akwai kuma ƙungiyoyin tantance labari irin su Dubawa da Africa Check da ke bin diddigin irin waɗannan hotuna suna wallafa abin da suka gano. Binciken yakan ɗauki minti biyu ko uku, watau ya fi lokacin da aka ɓata wajen ƙirƙiro hoton tsawo nesa ba kusa ba.